Dakalin Inna da Igiyar Magini

Ilala, Darussalam
Farkon watan Rajab

Zuwa ga Yayana Mbwana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da ni, Yaya. Na san aiki ya yi maka yawa, ga shi zan ƙara maka da karatun wannan rubutu nawa mai kama da sawun tururuwa. Da zan iya faɗa a waya da na faɗa, amma ka san halina, da na ji muryarka tana sauri sai magana ta watse mini, in ce "to" ga abin da ban yarda da shi ba. Shi ya sa na roƙi Alhaji Athumani ya taho maka da takarda, tunda jibi zai tashi.

Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta. Ina gaida Yaya Shamsa da yara. Inna tana nan lafiya, tana cin abinci, ƙafar ma ta yi sauƙi. Mantuwar ce dai take ƙaruwa.

Shabani magini ya zo ranar Talata da zanen da ka aiko. Ya kafa turaku, ya ja igiya don ya nuna inda katanga za ta bi. Sai na ga igiyar ta bi ta gaban dakalinmu, daidai bakin titi. Na ce, "Shabani, dakalin fa?" Ya ce, "Malama, ai babu dakali a takarda. Katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe. Wannan tsoho ko gumi ba zai sa ni ba." A lokacin Inna tana zaune a kai. Ta ɗaga ƙafafunta don igiyar ta wuce, ta ce masa, "Sannu da aiki, ɗana."

Yaya, kada ka ɗauka ban gode ba. Rufin nan ya daɗe yana yoyo, kai kaɗai ka tsaya a kan gyaran gidan, Allah ya saka maka da alheri. Na kuma san dalilinka. Tun ranar da Inna ta fita aka tsince ta a bakin kasuwa hankalinka bai kwanta ba, nawa ma haka.

Amma bari in gaya maka abin da nake gani kullum. A cikin ɗaki Inna ba ta san yau wace rana ba ce. Tana tambayata ko Baba ya dawo daga tashar jiragen ruwa, mutumin da muka binne tun ina budurwa. Da na shimfiɗa mata tabarma a dakali kuwa, sai ka ga mutum ta dawo cikakkiya. Gaisuwa ba ta ɓace mata ba ko kaɗan. Tana tambayar mai ciki nauyin jiki, tana yi wa mai makoki ta'aziyya yadda ya kamata. Baba Kondo mai gahawa, in ya biyo layinmu yana kaɗa kofunansa, nan yake ajiye butarsa da garwashinta. Matan da suka taso daga kasuwa nan suke sauke kaya su sarara. Har masu jiran bas suna raɓawa. Ban taɓa jin wani ya nemi izini kafin ya zauna ba, ko a zamanin Baba, ban kuma taɓa jin an tambayi wani daga ina yake ba.

Roƙona ɗaya ne. Ka ba da izini a mayar da igiyar bayan dakali, katangar ta tashi daga can. Na ce wa Shabani ya dakata sai na ji daga gare ka. Ya ce yana da wani aiki a Temeke, zai jira mu zuwa tsakiyar Sha'aban, daga nan sai guduma.

In na yi kuskure a magana ka yafe mini. Allah ya tsare ka a ƙasar mutane.

Ƙanwarka,
Zuhura

*

Maskat
Rajab

Malama Zuhura mai tausayin siminti,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta wa Shamsa, har ta yi ƙwalla. Ni ban yi ba. Ku gaida Inna, ki riƙe mata hannu ki ce Mbwana ne.

Ke dai ba ki canja ba. Tun muna yara in aka ce a yar da tsohuwar tukunya sai kin nemo mata dalili. Na san dakalin nan fiye da ke. A kansa tsofaffin layinmu suke zama su ƙirga laifin kowa, a kansa aka yanke mini hukuncin bulala ranar da na gudu daga makarantar allo na tafi kallon jirage. Ba na ƙinsa, amma ba zan ba da Inna saboda shi ba.

Ki duba da kyau. Layin da muka taso a cikinsa keke ne kawai yake bi. Yanzu bas-bas suke yanko hanya ta nan suna tsere da juna. Mace mai shekarun Inna, wadda ba ta san ina ta dosa ba, taku kaɗan ne tsakaninta da tayar mota. Sannan in aka mayar da katanga baya, ɗakin da na zana mata mai banɗaki a ciki zai matse, da ƙyar gado zai shiga.

Darussalam ta girma, Zuhura, ba garin Baba ba ce kuma. Da za ki zo nan ki ga abin da ake kira birni. Titi shimfiɗe, fitilu ko'ina, ka murɗa famfo ruwa ya zo, ba kwata, ba mai zama a ƙofar wani. Abin da garinmu yake buƙata ke nan. A haƙa magudanai don kwarin Msimbazi ya daina cinye gidajen mutane duk damina, a kawo motocin da mutum zai shiga ba sai ta taga ba, a kwashe shara. In an yi wannan an gyara birni. Zaman dakali ba ya cikin lissafi.

Ga abin da zan yi miki. Zan sa Shabani ya gina wa Inna wani dakalin a tsakar gida, mai sumul, a inuwa. In kuma kin ƙi katanga, to, ba zan yi faɗa da ke ba, amma zan aiko a taho mini da Inna nan. Shamsa ta riga ta ware mata ɗaki. Ɗaya daga cikin biyun za ki zaɓa, domin ba zan zauna ina jiran ranar da za a bugo mini waya da mugun labari ba.

Na ba Alhaji Athumani turare da dabino, na Inna ne, kada ki rabar wa 'yan dakali.

Yayanki,
Mbwana

*

Ilala
Farkon Sha'aban

Yaya Mbwana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, saƙo ya iso, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Dabinon kam Inna ce da kanta ta rabar, ban iya hana ta ba.

Na yi jinkirin amsa ne saboda wani abu ya faru. Na yi ta juya shi a raina, domin na san zai ƙarfafa hujjarka a kaina. Amma uwarka ce kamar yadda take uwata, ɓoye maka cin amana ne. Ka fara da sanin cewa tana lafiya, tana gabana yanzu tana tsince shinkafa.

Ranar Alhamis da hantsi na shiga bayan gida shanya, na fito ban gan ta ba. Sai tabarma. Duk layin ya tashi. Matan da nake koya wa karatu suka bazu, Baba Kondo ya ajiye butarsa ya bi hanyar kasuwa, har Shabani da ya zo duba turakunsa ya hau keke ya shiga nema. Ba zan kwatanta maka yadda na yi azahar ɗin ranar ba.

Ashe unguwar Kariakoo ta nufa, gidan mahaifinta. Ka san babu shi, bene ne yanzu mai shaguna tun daga ƙasa, duk layin haka ya koma. Wata mai sayar da waina ta gaya mana daga baya cewa ta ga tsohuwa ta zauna a matakalar wani shago, mai gadi ya ce ta tashi tana tare wa masu saye hanya. Ban ga laifinsa ba, aikinsa aka ba shi. Ta yi gaba, ta yi ta tafiya cikin rana babu inda za ta ɗora jiki, har ta kai wani lungu da tsofaffin gidaje biyu suka rage, manne da juna, dakalinsu ɗaya dogo. Ta hau ta zauna daidai tsakiya.

Gidan dama na wata Hajiya Tatu ne. Na hagu na Maman Neema ne, 'yar garin Moshi, Kirista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Hajiya Tatu ta leƙo ta ga dattijuwa cikin tsabta, ta gaishe ta. Inna ta amsa, ta tambayi maigida da yara da gajiyar jiya. Sai Hajiya ta ce a ranta, wannan baƙuwar Maman Neema ce, ta fito shan iska. Ta kawo mata ruwa. Can Maman Neema ta fito, Inna ta yi mata irin wannan gaisuwar har da "ya mai jiki", ita kuwa mijinta ne ba lafiya. Ta ce lallai 'yar'uwar Hajiya ce, an ba ta labarin gidana. Ta kawo mata matashi.

Da azahar Hajiya ta shigar da ita ta yi alwala ta yi salla, ta zuba mata dafa-duka. Inna ta koma dakali. Maman Neema ta ga bai kamata baƙuwar maƙwabciya ta wuni a ƙofarta ba ta ɗanɗana girkinta ba, ta kawo mata ayaba da nama. Inna da nake fama da ita kan loma uku, ta cinye duka biyun. Maman Neema ta lura da kumburin ƙafarta, ta jiƙa mata a ruwan ɗumi. Hajiya kuma tana da ragowar lalle, ta sa mata a yatsu.

Sai bayan la'asar Hajiya ta ce, "Maman Neema, baƙuwar nan taki akwai daɗin zama. Kwana za ta yi?"

Ta ce, "Baƙuwata? Ba yayar mijinki ba ce?"

Su suka ba ni labarin da bakinsu, suna yi suna katse juna. Maman Neema ta ce, "Ke da kika kai ta har ɗaki ta yi salla, ba ki tambayi sunanta ba?" Hajiya ta ce, "In tambayi babbar mace sunanta a kan dakalina? Ce miki aka yi a asibiti nake aiki? Ke da kika saba rubuta sunan mutane, me ya hana ki?" Ta ce, "Na bar aiki, Hajiya, na koyi halinku, ga inda ya kai ni."

Da suka lallaba suka tambaye ta gida, sai ta nuna wajen benen. Nan suka gane. Maman Neema ta ce a tafi wurin 'yan sanda. Hajiya ta ce a dakata, ta ƙura wa zanen Inna ido. Kore ne mai zanen kashu, ankon bikin 'yar gidan Kitwana na layinmu. Ashe Hajiya tana cikin matan da aka ɗauko dafa abincin bikin, ta kuma tuna matan layin amarya ne suka yi wannan kore. Suka sa ta a tasi su biyun, suka ce Ilala, gidan Kitwana. Daga can aka rako su. Kafin magariba Inna tana kan tabarmarta, da lalle a hannu, tana ce wa baƙin su zauna mana, ai nan gida ne.

Yaya, na san abin da za ka ce, kuma gaskiyarka ne. Da mota ta buge ta fa? Na yarda da maganar magudanai ma. Bara na ga matan kwari da katifu a ka, ban manta ba. Ina son famfo mai ruwa, ina son fitila a layinmu. Amma tun ranar nake tunanin tafiyar da ta yi a gindin benayen nan. Garin nan ya cika da mutanen da ƙafa ce motarsu, tsofaffi da masu ciki da masu dako da baƙin da suka sauka daga ƙauye ba su san kowa ba. Ina ganin cikin abin da zai sa babban gari ya zaunu har da wurin da mutum zai zauna ba don ya sayi komai ba. Waɗannan mata biyu an sha zuwa a saye gidajensu, sun ƙi. Ban san su ba shekaranjiya, yau ina sa su a addu'a da sunansu.

Dakalin tsakar gida kuwa, na gode, amma wa zai wuce ta gaishe shi? Ni kaɗai za ta riƙa gani, ni kuwa wani lokaci ɗauka take 'yar aiki ce.

Ban zaɓi ko ɗaya cikin biyun da ka ba ni ba, na kasa. Kai ne babba. Abin da ka yanke bayan ka karanta wannan, zan bi, ba zan kuma riƙe ka a zuciya ba.

Ƙanwarka mai yi maka addu'a,
Zuhura

*

Maskat
Sha'aban

Zuhura,

Wa alaikumus salam. Na karanta rabin takardarki a tsaye, na kusa bugo waya in yi miki ihu. Da na kai wurin dafa-duka da ayaba sai dariya ta ƙwace mini, har Shamsa ta fito daga kicin ta ga ko lafiya. Manyan mata biyu, ɗaya har da takardar aikin jinya, su wuni suna ɗura wa ɓatacciyar tsohuwa abinci, ba wadda ta ce "Inna, wace ce ke?" Wallahi sai mutanenmu. A nan da cikin ɗan lokaci an kira hukuma an gano gidanta. Da kuma ba wanda ya sa mata lalle.

Ban yi barcin kirki ba kwana biyu. Ba maganar mota ce ta tsaya mini ba, matakalar shagon nan ce. A wannan layin aka haife ta.

Bari in ba ki wani labari, kada ki gaya wa 'yan dakali. Watannin baya zafi ya sauka, na ɗauko kujerar roba na sauko ƙofar gininmu bayan la'asar, na zauna ina kallon titi. Ba a jima ba mai gadi ya zo da ladabinsa ya tambaye ni ko makullina ne ya ɓace. Na ce a'a, zama kawai nake yi. Ya tsaya yana dubana kamar in ya ƙara jira zan faɗi gaskiya. Na ɗauki kujerata na koma sama. Har yanzu ina nan kan bakana, garin nan ya fi namu tsari nesa ba kusa ba. Amma da na kawo Inna, ta taga za ta riƙa gaida motoci.

Ki gaya wa Shabani ya mayar da igiyarsa baya. Ɗakin ya matse, a sa ƙaramin gado. Ya yi wa dakalin rumfa, ya kafa turakun ƙarfe a bakin titi saboda 'yan bas. Sharaɗina biyu, kuma ba na son "to" irin taki ta waya. A rataya ƙararrawa a ƙofa. Sannan ki rubuta sunan Inna da layinmu a ƙyalle ki ɗinke a cikin kowane zanenta.

Ki kai wa Hajiya Tatu da Maman Neema turaren da zan aiko, ki ce daga ɗan baƙuwarsu, ko ta wace ce a cikinsu.

Yayanki,
Mbwana

*

Ilala
Tsakiyar Sha'aban

Yaya,

Assalamu alaikum. Allah ya yi maka albarka, ya sa 'ya'yanka su ji tausayinka. Shabani ya cire turaku ya mayar baya, yana gunaguni wai an maishe shi tela. An fara haƙa. Ƙararrawa tana ƙofa.

Maganar ƙyalle, na ɗinka, amma ba a ciki ba. Hajiya Tatu ta zo karɓar turarenta ta same ni da allura, ta ce, "Wa kike tsammani zai ɗaga zanen tsohuwa ya karanta?" Sai na mayar da shi bakin mayafi, ta waje. Ka yafe mini wannan canjin. Na kuma ware mata zannuwan anko, su kaɗai nake ɗaura mata yanzu.

Inna ta ƙi tashi daga dakali, masu aiki sai kewaye ta suke yi da kwanon siminti. Jiya ta kama hannun Shabani ta ce, "Mbwana, ka sha gahawa tukuna, aikin ba zai gudu ba." Bai gyara mata ba, ya zauna ya sha. Sunanka bai ɓace mata ba, Yaya, sai dai ta fara ɗora shi a kan wasu. Ban san har yaushe sunan zai zauna mata ba.

Azumi ya kusa. In akwai hali ka zo ka yi ko da goman farko tare da mu, ka zauna kusa da ita ta kira ka da shi. Alhaji Athumani zai juyo ranar Lahadi. Don Allah ka ba ni amsa ta hannunsa, kada ka jinkirta.

Ƙanwarka,
Zuhura